A auna jinin mai jego kafin a yanka ragon suna

Da zarar jariri ya faɗo ya tsanyara kuka, mabiyiya ta biyo baya, sai hankalin gida ya kwanta. A shiga buga waya ana sanar da dangi cewa an sauka lafiya, a koma lissafin rago da goro da atamfar fitar suna. Ba na ganin laifin kowa a wannan murna, domin duk wanda ya taɓa tsayuwa a ƙofar ɗakin haihuwa ya san irin addu'ar da ake sha kafin a ji kukan nan. Abin da ke damuna shi ne saurin sakin jikin da muke yi. Makonni shida na farko bayan haihuwa, waɗanda suka yi daidai da kwana arba'in ɗinmu na jego, su ne lokacin da mace ta fi fuskantar haɗarin shanyewar ɓarin jiki a duk tafiyarta tun daga ɗaukar ciki. Kuma a daidai wannan lokacin ne muka daina auna ta. Tana da ciki ana cewa ta je awo. Ta haihu, sai kowa ya koma kan jariri.

Ya kamata a fahimci abin da ke faruwa a jikin mai jego, domin rashin saninsa ne ke sa a ɗora wa iska laifi. Mai ciki jininta na ƙaruwa da kusan rabin abin da yake a da, saboda tana ciyar da rai biyu. Idan haihuwa ta matso kuma sai jinin ya ƙara saurin daskarewa, wata rahama ce ta Ubangiji don kada ta zubar da shi har ta mutu a kan gwiwa. To amma wannan saurin daskarewar ba ya gushewa ranar da aka haihu, yana ɗaukar makonni. Haka ruwan da ya taru a jiki, wanda muke gani a kumburin ƙafa, yana komawa cikin jijiyoyi a hankali. Shi ya sa jinin mai jego yakan fi hawa tsakanin kwana uku zuwa shida da haihuwa. A duba lissafin nan da kyau: kwana uku zuwa shida, wato lokacin da ta riga ta baro asibiti, gida ya cika da 'yan barka, ana ta hidimar suna. Mace na iya yin wata tara jininta lafiya lau a katin awo, sai a wannan makon ya hau mata karon farko.

Daga nan shanyewar ɓarin jikin kan zo ta hanyoyi daban-daban. Ko dai jini ya hau har wata jijiya ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa, wanda sau da yawa ke tafiya da jijjiga. Ko gudan jini ya toshe jijiyoyin da ke kwashe jini daga ƙwaƙwalwa, abin da ƙarancin ruwa a jiki da zazzaɓin bayan haihuwa da ƙarancin jini ke ƙara wa ƙarfi. Ko kuma zuciya ta yi rauni ta kumbura, jini ya kwanta a cikinta ya dunƙule, gudan ya ɓalle ya haura kai. Masana da suka haɗa alƙaluman ƙasashe da dama sun ƙiyasta cewa kimanin mata 30 cikin kowane ciki 100,000 ke gamuwa da shanyewar ɓarin jiki, kusan ninki uku na abin da ake gani a sa'o'insu marasa ciki. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan mata kusan miliyan 1.7 a jihar Kalifoniya ta Amurka ya gano cewa haɗarin toshewar jijiya da gudan jini ya ninka kusan sau goma a makonni shida na farko, kuma bai koma daidai ba sai bayan mako goma sha biyu. Waɗannan mata ne da ke haihuwa a gaban likita, suna da motar asibiti a kusa. Mu namu yanayin kowa ya san shi.

Akwai wata yarinya a unguwarmu da ta zo goyon ciki gidan iyayenta, haihuwar fari. Ta haihu a asibiti da asuba, kafin azahar an sallame ta, domin akwai wasu a ƙasa suna jiran gadon. Kwana biyar da haihuwa ta ce wa mahaifiyarta, "Inna, kaina kamar zai tsage." Uwar ta ce, "Rashin barci ne, 'yar nan. Wace mai jego ce kanta ba ya ciwo? Daure ki sha kunu." Aka aiki yaro kemis ya karɓo maganin ciwon jiki. Washegari, jajibirin suna, ana ƙunsa mata lalle ta ce tana ganin duhu-duhu da wani abu kamar walƙiya. Da yamma ludayi ya suɓuce daga hannunta, bakinta ya karkace, tana son kiran sunan ƙanwarta harshe ya ƙi. Gwaggonta ta ce ai dama ta faɗa, yarinyar nan ta fita bayan gida da magariba ba ɗankwali. Aka yi hayaƙi, aka ɗauko malami ya yi ruƙiyya har dare ya raba. Sai da gari ya waye aka sa ta a mota. Allah ya yi da sauran kwana, ta rayu. Yanzu tana jan ƙafar dama, hannun kuma a lanƙwashe yake a ƙirji. Idan za ta goya ɗanta sai wani ya ɗora mata shi ya ɗaure zanin. Ba ta cika shekara ashirin da biyu ba.

Ban kawo labarin nan don a zagi uwarta ba. Matar nan ita ke tashi tun kafin kiran assalatu ta hura wuta ta dafa ruwan wanka, ita ta sayar da akuyarta ta yi wa 'yar kayan jego. Ba ƙauna ta rasa ba. Babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya ce mata ciwon kai mai tsanani a makon farko na jego ba ciwon kai ba ne kamar sauran. Ma'aikaciyar da ta sallami 'yarta ta yi bayanin cibiya da nono da rigakafi, ba ta ce a dawo a auna jini ba. Mai kemis ɗin da ya ba da magani bai tambayi wa zai sha ba, alhali irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake sha kamar gyaɗa, suna iya ƙara hawan jini. Kowa ya yi abin da ya saba, kuma sabon ne ya cuci yarinyar.

Batun iska da shafar aljanu kuwa, ba zan tsaya jayayya da kowa a kan imaninsa ba. Ni ma na yarda da addu'a, kuma ba na raina tofin uwa a kan 'yarta. Sai dai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani. Wannan cuta maganinta yana da lokaci, kuma lokacin gajere ne ƙwarai. Allurar da ke narkar da gudan jini a ƙwaƙwalwa galibi ba a yin ta idan an wuce awa huɗu da rabi da farawar ciwon. Jinin da ya hau har ya kai 160 bisa 110 a jikin mai jego so ake a sauke shi cikin gaggawa, ba a jira gobe ba. Wanda zai yi ruƙiyya ya shigo mota ya yi ta a hanya, babu likitan da zai hana. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a kwana ana hayaƙi a kan macen da bakinta ya karkace, sannan a ce ƙaddara ce. Ina roƙon malamanmu masu ruƙiyya da su zama na farkon cewa a tafi asibiti, domin a gidaje da yawa maganarsu ta fi ta likita nauyi.

Sai maganar wankan jego da gashi da kunun kanwa, inda nake ganin 'yan boko kan yi azarɓaɓi, tsofaffi kuma su yi taurin kai. Tun shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi rubutu a kan yawan ciwon zuciyar bayan haihuwa a Zariya, inda aka ƙiyasta mace ɗaya cikin kowace ɗari da ta haihu, adadin da duniya ba ta saba jin irinsa ba. A lokacin an danganta abin da tafasasshen ruwan wanka, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kanwa. Daga baya Farfesa Kamilu Musa Ƙaraye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranci wani bincike a asibitoci da dama na Nijeriya, aka wallafa shi a 2020. Ya tabbatar cewa ciwon ya fi yawa a Arewa maso Yamma, amma bai sami alaƙarsa da wanka ko kunun kanwa ba. Abubuwan da suka fito fili su ne rama, da rashin karatu, da rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki. A taƙaice, talauci ya fi ganyen darbejiya hannu a ciki. Gaskiya ta wajabta a faɗi wannan, kada a riƙa jifan iyayenmu da laifin da bincike bai tabbatar ba.

Amma fa wannan bai wanke kanwa ga kowa ba. Kanwa cike take da sinadarin da ke cikin gishiri, wanda ke riƙe ruwa a jiki ya ɗaga jini. Macen da aka ce mata tana da hawan jini a wurin awo, ko ta yi jijjiga, ko ƙafarta da fuskarta ba su saɓe ba, dura mata kunun kanwa safe da yamma tare da farfesun da aka cika wa gishiri da dunƙule ganganci ne. Haka zafin da ke sa mace ta yi ta tsiyayar gumi a ɗaki rufe a watan bazara, tana shayarwa, ana kuma taƙaita mata ruwan sha don wai kada sanyi ya kama ta. Jinin da dama a shirye yake ya daskare, a ƙara masa da ƙishirwa da zama wuri guda ba motsi? A rage zafin ruwan, a bar ta ta sha ruwa ta ƙoshi, ta riƙa ɗan zagayawa a tsakar gida.

Ni ban ga dalilin rushe al'adar jego ba. Hasali ma ina ganin ita ce babbar damarmu. A ƙasashe da yawa mace kan koma gida da jariri ba mai taya ta ko ɗauraye kwano. Mu kuwa muna da tsari na kwana arba'in wanda a cikinsa akwai wata babbar mace, uwa ko gwaggo ko ungozoma, da ke ganin mai jego sau biyu a rana, tana taɓa jikinta, ta san ko ta ci ko ba ta ci ba. Babu wata ma'aikatar lafiya da ke da irin wannan ido a cikin gidaje. Abin da ya rage shi ne a koya wa idon abin da zai nema: ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, ciwo a saman ciki wajen haƙarƙarin dama, kumburin fuska da hannu, haki da kasa kwanciya a miƙe, da kuma jijjiga. Tsohuwar da ta iya gane cewa cibiya ta yi ruwa za ta iya riƙe waɗannan.

Sannan a auna jinin. A nan ne zan tsaya da ƙarfi. Na'urar awon jini ta zamani, wadda ake ɗaurawa a dantse a danna maɓalli, ko kusa da kuɗin ragon suna ba ta kai ba, kuma guda ɗaya ta ishi layi guda ko dangi guda. Duk ɗan sakandare zai iya karanta lambobin da take nunawa. Idan ta nuna 140 bisa 90 ko fiye, a je asibiti a ranar. Idan ta kai 160 bisa 110, a tashi a lokacin, ko da tsakar dare ne. Ina kira ga maigida ya ɗauki wannan a matsayin haƙƙin da ke wuyansa, daidai da rago da itacen wanka: a auna ta a kwana na uku, a sake kafin suna, a sake a mako na biyu. Na san kunya kan sa ango ya ƙaurace wa gidan surukai, musamman a haihuwar fari, ita ma yarinyar ba za ta buɗe baki ta ce wa surukarta ba ta da lafiya ba, don kada a ce raguwa ce. To ya aiko ƙanwarsa da na'urar. A yankin Damagaram na Nijar an gwada makarantun mazaje, inda magidanta ke zama suna tattauna lafiyar matansu, kuma abin ya karɓu har ya bazu zuwa wasu yankuna. Majalisun da muke zama kullum bayan la'asar za su iya ɗaukar wannan zance.

Gwamnati ma tana da nata kason, kuma shi ne mafi girma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 82,000 ne suka mutu a Nijeriya sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin ɗari kawai na haihuwa ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa bai wuce kashi 16 ba, kuma fiye da rabin matan ƙasar ba wanda ya duba su bayan haihuwa. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ta ce mace ta yi aƙalla awa 24 a asibiti bayan haihuwa, a duba ta a ranar farko, a sake tsakanin awa 48 zuwa 72, a sake tsakanin kwana 7 zuwa 14, sannan a mako na shida. Mu a nan ana sallama bayan 'yan awanni a ce sai arba'in. Dubawa biyun da ke tsakiya, waɗanda suka faɗa daidai lokacin da jini ke hawa, su ne muka zubar.

Abin takaicin shi ne matan nan suna zuwa asibiti. Suna kawo jarirai rigakafi, su zauna a benci tun safe, a auna nauyin yaro, a ɗiga masa magani, a yi masa allura, a rubuta a kati. Uwar da ke riƙe da shi ba mai ɗaura mata na'ura a hannu, alhali minti biyu ya isa. Ma'aikatan da ke bin gida-gida don rigakafin shan inna sun san kowace ƙofa da aka yi haihuwa. Me zai hana a haɗa su da na'urar awon jini? Mun ga abin da ƙaramin gyara ke iya yi. A 2008 jihar Kano ta shigar da allurar magnesium sulphate, wato maganin jijjiga, a asibitocinta goma, aka horar da ma'aikata, sai mutuwar matan da suka zo da jijjiga da matsanancin hawan jini ta faɗo daga kusan kashi 21 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 3. Ba sabon gini aka yi ba, magani ne mai araha da horo. Na yaba da sanarwar da Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya yi a ƙarshen 2024 ta yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta, amma macen da aka yi wa tiyata ta ma fi shiga haɗarin gudan jini, don haka ita ta fi buƙatar a bi ta gida.

Idan kuma abin ya riga ya faru, baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, to akwai kurakuran da ake yi da kyakkyawar niyya. Kada a ɗura mata ruwa ko rubutu ko kunu, domin maƙogwaronta na iya kasa haɗiya abin ya wuce huhu. Kada a ba ta asfirin don an ji ana cewa yana tsinka jini, domin idan jijiya ce ta fashe zai ƙara ɓarna, kuma ba mai iya bambancewa sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Idan tana jijjiga kada a cusa mata cokali a baki, a kwantar da ita ta gefe. A riƙe lokacin da abin ya fara, a ɗauki katin awonta, a nufi babban asibiti kai tsaye, kuma da isa a faɗa da babbar murya cewa mai jego ce.

Waɗanda suka rayu da ciwon su ne aka fi mantawa da su. Gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi suna aiki, kuma mafi yawan sauƙin da ake samu yana zuwa ne a watannin farko, don haka jinkirin da ake yi ana zagayen masu magani asara ce da ba ta dawowa. Mace mai ƙuruciya tana da damar farfaɗowa fiye da tsoho, idan an tsaya mata. Ana yawan raba irin waɗannan mata da jariransu a ce nononsu ya ɓaci, ko ita da kanta ta daina shan maganin hawan jini don tsoron kada ya cutar da yaro. Akwai magunguna irin su nifedipine da labetalol da enalapril da likitoci ke bai wa masu shayarwa ba tare da matsala ba. A tambayi likita, kada a yanke hukunci a tsakar gida. Wanda kuma ya mayar da matarsa gidan iyayenta da sunan jinya, ya ɗauke ƙafa, bayan wata shida aka ji ya ɗaura aure, ya sani a wajen haifa masa ɗa ta samu wannan lalura, kuma Allah zai tambaye shi.

Duk macen da jininta ya hau a ciki ko a jego, ko da bai kai ta ga shanyewar jiki ba, tana cikin waɗanda suka fi haɗarin hawan jini da ciwon zuciya a gaba, kuma abin na iya dawowa a ciki na biye. Tana buƙatar hutu kafin wani cikin, kuma ba kowane maganin tazarar haihuwa ne ya dace da ita ba, domin ƙwayoyin da ke da sinadarin estrojin suna ƙara haɗarin gudan jini. Idan ta sake samun ciki ta fara awo da wuri, ta gaya wa ma'aikata abin da ya faru a baya tun zuwan farko, domin akwai ƙaramin asfirin da sinadarin kalsiyam da likita kan rubuta don rage yiwuwar dawowarsa. A rubuta mata wannan tarihi a kati da manyan baƙaƙe, ta adana shi, kuma a ci gaba da auna jininta ko bayan an yi wankan arba'in an koma ɗaki.